Kafaɗar da Aka Yi wa Kawu Alkawari

Duk wanda ya shigo yi mana gaisuwa a flat ɗin Kawu da ke unguwar Edmonton a London, da ya gama addu'a ya shafa sai ya karkato wajena, ya rage murya, ya yi tambaya ɗaya: mutanen nasa sun zo kuwa? Ba dangi na Kano ake nufi ba, waɗannan ta waya suka yi kukansu. Turawan da Kawu ya yi wa aiki ake nufi, kuma ni aka bar wa girgiza kai har wuyana ya gaji.

Jama'a sun zo, ba laifi. Tsofaffin abokan aikina na gidan rediyo sun zo da sandunansu sun cika kujeru, suna tuna yadda ya riƙa kwaso su daga filin jirgi lokacin da suka sauka ba su san gabas ba balle yamma. Wata mai sayar da kayan miya a Peckham ta rufe shagonta ta hau bas biyu, ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, tana cewa shi ya tsaya mata ranar da aka binne mijinta alhali ko sunan garinsu bai sani ba. Maƙwabcinsu Baturke, wanda suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan wurin ajiye bola, ya kawo tukunyar miya ya dire, ya fita yana share ido da bayan hannu. Inna, matar Kawu, tana kan darduma a kusurwar falo cikin takaba, tana amsa gaisuwa ba ta ɗago kai. 'Yarsu tilo, taubashiyata, wadda ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, tana kicin tana wanke kofuna da ƙarfin da ya wuce na wanke-wanke. Ita babu wanda ya yi mata tambayar, an ga fuskarta.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ne marubucinsa tun da idonsa ya yi rauni. Raina a ɓace nake wannan rubutu, gara in faɗa tun da wuri. Na san da sanyin zuciya ake yi wa mamaci ta'aziyya, to tawa ba ta huce ba, kuma ina tsoron idan na jira ta huce zan fara nema wa mutane uzuri yadda shi ya saba.

Kawu ya zo ƙasar nan yana saurayi, jim kaɗan bayan Turawa sun naɗe tabarmarsu daga ƙasarmu. Direban wani Baturen mulki ne a Arewa. Baturen ƙaramin ɗa ne a wani tsohon gidan sarauta na Ingila, irin waɗanda ake ce wa Lod, masu gida a tsakiyar London da wani ƙaton gida a ƙauye mai ɗakunan da wuta ba ta iya ɗumama su. Da wansa ya mutu sarauta ta faɗo kansa, ya tattara zai koma gida, ya tambayi Kawu ko zai biyo shi na shekara biyu. Shekara biyun nan ce ta zama arba'in da ɗoriya. Kawu bai taɓa kama sunansu a gabanmu ba, ni ma ba zan kama ba. Baturen shi ne Maigida, matarsa Uwargida, babban ɗansu Magaji. Idan kuwa ka ji ya ce "gidanmu", to ba Kano yake nufi ba, ba kuma flat ɗin da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba shi bayan ya ajiye aiki ba.

Dogo ne siriri, kullum da hula a kai da kwat mai kauri a kan kaftani, takalmi yana ƙyalli ko da masallacin bayan layi zai je. Bai yarda da jirgin nan na tube ba har ya koma ga Allah, ya ce mutum da ransa ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa safe da yamma. Idan kana tuƙi yana gefe ka shiga uku. Da ka taka birki zai ce, "A hankali. Ka ɗauka akwai kofin shayi a cinyar Uwargida." Na sha ce masa babu Uwargida a tsohuwar motata, sai buhun shinkafa. Sai ya ce ai shinkafar ma tana da haƙƙi.

Ranar da na sauka London ina rawar ɗari cikin 'yar shara, shi ya zo tarbata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce uwata ba ta da tausayi, ya tuɓe kwat ɗinsa ya yafa mini, ya tuƙa mu har Stratford inda aka kama mini ɗaki, shi kuma daga shi sai kaftani. Haka yake da kowa. Idan Bahaushe ya mutu a garin nan, ko ɗan Nijar ne ko ɗan zangon Gana, Kawu ne a wajen wanka, shi ne a gaba wajen ɗauka, shi ne na ƙarshen barin maƙabarta. Ba ya aike, ba ya waya, da ƙafarsa yake zuwa.

Amma duk wannan daga ragowar lokacin da gidan Maigida ya bar masa ne. Inna ta yi sallah nawa ita kaɗai da 'yarta, saboda sallar ta faɗo lokacin farautar tsuntsaye a gidan ƙauye? Ranar walimar auren taubashiyata ana tsakiyar cin abinci aka bugo cewa an kwantar da Maigida a asibiti, Kawu ya wanke hannu ya tafi da babbar rigarsa, ba a sake ganinsa ba sai washegari. Taubashiyata a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa, kuma da Turancin ta taɓa gaya masa a gabana cewa ya san ranar haihuwar karnukan gidan can amma sai an tuna masa tata. Bai yi fushi ba. Ya ce yarinya ce, ba ta san zumunci ba.

Shi a wajensa zumunci ne, ba aiki ba. Shi ya ɗauko Magaji daga asibiti yana jariri. Shi ya riƙa kai shi makarantar kwana tun bai gama famfara ba, yaron yana kuka a bayan mota, iyayen sun ce kada a lallashe shi don ya zama namiji. Kawu kan tsaya a gefen hanya ya ba shi dabino, ya goya shi ya zaga motar da shi har ya yi shiru. Yana ba da wannan labari yana cewa "yarona", Inna kuma ta tashi ta shiga ɗaki, don Allah bai ba su ɗa namiji ba kuma ta san ramin da yaron nan ya cike.

Bayan ya bar aiki sai zumuncin ya koma na wasiƙa. Mutanen gidajen nan sun ɗauki rubuta wasiƙa kamar ibada, tun kakanninsu, suna da ɗaki guda a gidan ƙauye da ba a ajiye komai sai wasiƙun matattu. Uwargida takan rubuto wa Kawu da hannunta, a takarda mai kauri mai tambarin gidan. Labarin gida ne zalla: wance an yi mata baiko da wani wanda danginsa ba su kai ba, rufin ɓangaren gabas yana yoyo, jikan wane ya faɗi jarrabawa, ruwa ya ɓata ciyawar dawaki, tsohuwar karya ta makance. Idan wasiƙa ta zo, Kawu ba ya buɗewa sai ya yi alwala ya sa hula, in zo in karanta masa yana gyara zama yana cewa "Ikon Allah" ko "Ai na faɗa, yarinyar nan ba ta jin magana." Mu da ba mu taɓa ganin mutanen nan ba mun san wanda ya saki matarsa da wanda giya ta kama.

Amsar kuwa ita ce wahalata. Da Hausa yake faɗa, ni in juya. Zai fara da Uwargida, ya tambayi jikinta da ƙafarta da sanyi da gajiya, ya bi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya bisa girma, ya gangaro kan jikoki, ya shiga kicin, ya fita lambu. Idan na karanta masa abin da na rubuta sai ya ɓata rai.

"Na yi magana mai tsawo, kai ka kawo mini layi uku. Ina gaisuwar mai lambu?"

"Kawu, mai lambun ai ya rasu bara."

"To ka gai da matarsa. Kai wane irin ɗan jarida ne?"

Abu ɗaya ya riƙa ci mini rai tun a lokacin. Kowace wasiƙa Uwargida takan rufe da tambayar lafiyar samarinsa. Samari, alhali 'ya ɗaya mace gare shi, wadda aka haifa yana cikin yi musu aiki. Na nuna masa, ya ce tsufa ne. Na ɗauko tsofaffin wasiƙu na nuna masa cewa tun da sauran ƙarfinta haka take rubutawa. Ya karɓe su ya mayar cikin akwatin ƙarfen da yake tara su, ya ce ni dai ba na rasa abin magana.

Alkawarin da ya jawo wannan rubutu an yi shi ne ranar jana'izar Maigida. Al'adar gidan ce ma'aikata su ɗauki akwatin mai gida a kafaɗa daga ƙofa zuwa cocin ƙauyen. Kawu ya riga ya tsufa, an ce ya huta, ya ce sam. Ya sa kafaɗa a gaba ta dama, da hularsa, ya shiga cocin da gawar, ya tsaya har aka gama. A bakin kabari Magaji, wanda ya zama sabon mai sarauta a ranar, ya rungume shi yana hawaye a gaban kowa, ya ce masa ka ɗauki ubana, ranar taka ni zan ɗauke ka.

Na daɗe a ƙasar nan, na san yadda Bature yake magana a ranar makoki. Yana faɗa da zuciya ɗaya, kuma kafin ya cire baƙar rigar maganar ta bi iska. Kawu ya fi ni daɗewa, amma kunnen Bakano ya ji ta da shi. Maganar da namiji ya yi a kan gawar ubansa, a gaban shaidu, shi a wajensa ta fi takarda da sa hannu. Ya dawo Edmonton yana faɗa wa duk wanda ya tsaya.

A nan suka haɗu da limamin masallacinmu, Bazazzage mai kaifin harshe, sa'ansa ne kuma abokinsa. Liman ya ce da ma shiga cocin da gawa a kafaɗa akwai magana, an yi shiru ne don girmansa, amma a ce wanda ba ya salla zai ɗauki makarar Musulmi alhali ga 'yan'uwa, wannan ba da shi ba. Kawu ya ce yaron da ya goya a bayansa ba baƙo ba ne. Liman ya ce goyo ba ya musuluntar da mutum. Kawu ya ce shi bai ce a ba shi limanci ba, kusurwar akwati ya ce. Suka yi ta yi har Kawu ya ɗauke ƙafa daga masallacin, ya koma hawa bas zuwa wani mai nisa inda ba a jin Hausa, ga ciwon gwiwa. Mutane suka rabu biyu, wasu suka fara ce masa Bature a bayan ido. Mutumin da ya wanke matattunsu ke nan. An fi shekara a haka kafin Liman ya je har gida da kansa, ya ce ya duba bai ga inda aka hana ba, a bar wa Baturen kusurwa ɗaya daga mota zuwa bakin kabari, salla kuwa ya tsaya gefe. Kawu ya sa aka dafa shayi, ya ce da ma ya san karatun Liman zai kai wajen, jinkiri ne kawai ya yi.

Da Uwargida ta rasu sai wasiƙun hannu suka ƙare. Abin da ya rage shi ne katin ƙarshen shekara, bugun inji, mai hoton gidan cikin ƙanƙara da labarin iyali a shafi guda, irin wanda ake aika wa duk wanda sunansa yake cikin kwamfuta. Magaji kan sa hannu a ƙasa, wani lokaci ya ƙara kalma biyu. Kawu ya san bugun inji ne, ba yaro ba ne, amma amsa yake bayarwa cikakkiya da gaisuwar kowa da kowa. Kuma a kowace amsa sai ya sa na rubuta cewa jiki yana ta ja baya, yana nan yana riƙe da maganar nan. Ba a taɓa amsa wannan layin ba. Na ce masa ko mu daina sawa, ya ce mutumin kirki ba ya maimaita alkawari, sau ɗaya yake yi.

Ya cika ranar Laraba da hantsi a asibiti, Inna tana riƙe da hannunsa. Wasiyyarsa ba ta da yawa, kuma kowa ya santa: kada a kai shi sai yaronsa ya zo. Allah ya taimake mu takardu suka fito da wuri, abin da ba kasafai ake samu a nan ba, aka ce za a iya yi masa salla bayan Juma'a. Duk wanda ya zauna a London ya san abin da wannan yake nufi. Ranar Juma'a masallaci cike yake har titi, mamaci ya samu sahu a kan sahu. Kawu da kansa yakan ce wanda aka sallata ranar Juma'a a garin nan ɗan gata ne.

Na buga waya gidan Magaji. Wata sakatariya ta ɗauka, mai ladabi kamar ta tsuguna ta cikin waya. Ta je ta dawo ta ce ran mai gidan ya ɓaci ƙwarai, yana so ƙwarai ya zo, amma Juma'a yana da taron da ba ya ɗaguwa, ko za a iya Litinin? Na ce mata mu ba ma ajiye gawa. Ta ce ta fahimta ƙwarai. Ban taɓa jin kalmar da ta ƙona mini rai kamar ƙwarai ɗin matar nan ba.

Aka zauna a falo. Liman ya ce haƙƙin mamaci a gaggauta shi, kuma Juma'a ba abin wasa ba ce. Taubashiyata ta ce da Turanci a binne mata uba cikin mutanensa, waɗancan sun ci rabonsu tun yana da rai. Ni ma bakina ɗaya da ita. Inna ta bari muka gama, sannan ta ce, "Shekara hamsin ban taɓa tsallake maganarsa ba. Ba zan fara yau da ba ya iya amsawa ba. A yi booking ɗin Litinin." Liman ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Haka Kawu ya kwana biyar a firjin asibiti yana jiran yaronsa. Ranar Juma'a na yi salla a masallacin nan, na waiga na ga jama'a har bakin titi, na san cewa da yanzu duk nasa ne. Ranar Litinin kowa yana wajen aiki. Masu gadi suna kan shift, masu tasi suna kan hanya, 'yan rediyo suna studiyo. Tsofaffi ne suka zo da 'yan tsirarun da suka iya roƙon izini. Sahu biyu muka yi, na biyun ma bai cika ba.

A maƙabarta motar gawa ta tsaya, aka buɗe baya. A nan cikin akwati ake sa mamaci, ko da yake bakinmu bai daina cewa makara ba. Muka kama, aka bar gaba ta dama ba kowa, daidai inda shi ya kama wa Maigida. Ana yayyafi. Muna tsaye muna kallon ƙofar shiga, duk motar da ta shigo sai mu bi ta da ido har ta wuce. Ma'aikacin maƙabartar ya duba agogo ya ce akwai wasu a bayanmu. Wayata ta yi motsi a aljihu, na saki hannu ɗaya na duba. Sakatariyar ce. An samu wani abu na gaggawa a gidan ƙauye, mai gidan yana ba da haƙuri matuƙa, furanni suna hanya.

Na miƙa wa Liman wayar. Ya karanta, ya miƙo mini, ya dubi wani bawan Allah da ya zo ziyarar kabarin matarsa ya tsaya kallonmu, ya ce masa, "Malam, don Allah kama mana nan." Mutumin ya ajiye lemarsa ya sa kafaɗa. Har yau ban san sunansa ba, shi ma bai san wanda ya ɗauka ba. Furannin sun iso bayan mun watse, aka kai su flat, Inna ta ce a ba Baturken.

An ci amanar Kawu. Na juya maganar ta kowace fuska ban samo mata wani suna ba. Da sun ce ba za su zo ba tun ranar Laraba, da mun ji zafi mun binne shi cikin jama'arsa. Amma suka karɓe masa Juma'arsa, suka ba shi Litinin, Litinin ɗin ma ba su zo ba. Mutumin da bai taɓa barin su jira a bakin ƙofa ba.

Bayan sadakar bakwai wasiƙar Magaji ta zo, da hannunsa, shafi huɗu. Ba zan yi masa ƙarya ba, wasiƙa ce mai kyau. Ya tuna dabino, ya tuna goyo, ya ce Kawu ne mutum na farko da ya nuna masa tausayi a duniya. Wani abokin aikina da ya auri Baturiya ya ce in yi adalci, a wajensu wasiƙar hannu mai tsawo ita ce ƙarshen girmamawa, ta fi zuwa. Na ce na ji, amma ba wasiƙa ya yi wa Kawu alkawari ba. Kuma abokin nawa bai karanta shafi na huɗu ba. A can ƙasa Magaji ya ce ana tattara wasiƙun mahaifiyarsa don ɗakin tarihin gidan, ya san ta daɗe tana rubuto wa Kawu, ko iyali za su yarda a mayar da su inda za a kula da su?

Taubashiyata ta ce a ƙone su a bayan gida. Ni na ce a riƙe, ya zo da ƙafarsa ya roƙa. Na ma rubuta wa sakatariyar na ce to, a musanya, su ba mu na Kawu da ya yi shekaru yana aika musu, jikokinsa su san yadda kakansu yake gaisuwa. Ta amsa cikin ladabin nan nata cewa an duba, da alama ba a ajiye waɗannan ba. Kawu kuwa ko ambulan ɗinsu bai yar ba, ya jera su bisa shekara, ya ɗaure da zare.

Na karanta wa Inna amsar. Ta ce a ba su akwatin wasiƙun. Ta ce ta saurari wasiƙun nan duka tana daga kicin, labarinsu ne a ciki, babu namu ko layi ɗaya.

Ba Magaji ne ya zo ɗauka ba, direbansa ya aiko. Wani magidanci ne mai furfura a gemu, cikin baƙar kwat. Na buɗe ƙofa ina shirin miƙa masa akwatin daga nan in rufe, sai ya ji Inna tana magana daga ciki, fuskarsa ta washe, ya yi sallama da Hausa. Ɗan zangon Kumasi ne. Da ya hango darduma da carbi da matar da ke zaune a ƙasa, ya gane gidan da ya shigo. Ya tuɓe takalmi ba wanda ya ce masa, ya shigo ya durƙusa, ya ɗaga hannu ya yi wa Kawu addu'a mai tsawo, muka shafa. Shi ne mutum ɗaya tak daga gidan can da ya zauna a tabarmar makokin Kawu, shi ma ba don haka aka aiko shi ba.

Aka kawo masa ruwa ya sha. Ya ce a yi masa afuwa, an ce masa kawai ya karɓo kaya a Edmonton, ba a gaya masa rasuwa aka yi ba. Ya dubi akwatin, ya dubi hoton Kawu a bango da hula da kwat.

"Hajiya, marigayin, mene ne nasa da gidan? Na daɗe ina tuƙa mai gidan, kullum muna hira a mota, ban taɓa ji ya ambace shi ba."

Taubashiyata ta fito daga kicin ta tsaya. Ni na buɗe baki zan fara, daga Kano, daga jaririn da aka ɗauko a asibiti, daga cocin ƙauye. Inna ta ɗaga mini hannu. Tun ranar Larabar nan ban ga ta ɗago kai ta dubi wani a ido ba sai a lokacin.

"Direba ne," in ji ta. "Kamar kai."

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa inda ya je a san shi.